Shekarar da Kawu Ya Ƙi Ruwan Jarka

Duk ƙasar Gaya, ka ɗora da Ajingi, ka leƙa har Kademi ranar kasuwa, babu bakin da ya kai na ubanku. Ku tambayi duk wanda ya taɓa riƙe igiyar akuya a kara. Na taɓa sayar wa mutum tunkiya mai tari, na ce masa gaisuwa take yi, ya tafi yana amsawa. Na sasanta mahauci da makiyayi a kan bunsurun da ya riga ya shiga tukunya, suka rabu kowa yana ganin shi ya ci riba. Da ana naɗa wa dillalai rawani, da yanzu ba kwa ganina sai da iso. Na fara da wannan ne don ku san irin mutumin da aka tura aikin da zan ba ku labarinsa, kuma don kada bayan raina wani ya ce muku ubanku ya rasa cinikin Alhaji Mai Barkono ne saboda ya kusa bin 'yan coci. Na ji ana faɗa a kara, innarku ma ta ji a gidan suna. Na gaji da gyara zancen baki da baki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kakarku Ladi, wadda ta haife ni, 'yar Gidan Nomau ce, wata 'yar unguwa a bayan Balan wadda mota ba ta shiga sai direba ya yi fushi da motarsa. Asalin gidan Maguzawa ne. Ita ta musulunta, ta auri kakanku ta dawo Gaya. Yawancin danginta suka bi coci, suka gina 'yar majami'arsu ta jar ƙasa da rufin kwano. Yayanta kuwa, Kawu Bako, ya ƙi zuwa ko'ina. Liman ya yi masa magana, mai bishara ya yi masa magana, shi kuwa ya ce wa kowannensu ya ji, zai yi shawara. Shawarar nan ta ɗauke shi har haƙoransa suka zube. Ran Sallah ya ci namanmu, ran Kirsimeti ya ci shinkafarsu, ya share baki ya ce duka biyun da daɗi. 'Yarsa Rifkatu ita ce taubashiyata, malamar kimiyya a wata sakandare ta wajen Ajingi. Tunda ni ɗan mace ne ita 'yar namiji, tun muna tsirara take kirana bawanta, har yau ba ta 'yanta ni ba.

A gefen unguwar akwai tafki. Ba wani babba ba ne, amma in rani ya yi nisa rijiyarsu ta ƙafe, shi ne randar kowa: su, da maƙwabtansu Musulmi na ƙetaren hanya, da awakinsu. A cikinsa kuma 'yan cocin suke yin baftisma, wato fasto ya tsoma mutum cikin ruwa gaba ɗaya ya fito da shi a matsayin sabon mai bi. Sama da tafkin akwai fadama, wadda Alhaji Mai Barkono ya karɓa yana noman rani, injinan ban ruwa suna ta ruri, rarar ruwan tana bin wani ɗan kwari tana gangarowa tafkin. Alhajin nan shi ne babban mai cinikina. Duk ragunan da yake turkewa kafin Layya ta hannuna suke bi, saye da sayarwa. In kun tuna shekarun da ake soya nama a gidanmu ba ranar Sallah ba, to la'adarsa ce.

A shekarar da nake ba ku labari, abubuwa biyu suka faɗo tare. Na farko, Kawu ya wayi gari ya ce ya gama shawara, baftisma zai yi a bikin Ista, kuma a tafkin da ubansa ya koya masa iyo. Rifkatu ta yi kuka, ta yi dariya, ta aiko mini da saƙo cewa gidansu ya ci gidanmu. Na ce a gaya mata mu ma ba mu so shi ba, tsoho mai cin rabon mutum biyu. Na biyu kuma, tafkin ya yi shiru. Kwaɗin da kan hana mutum jin sallamar baƙo suka ɗauke kamar an yi musu rasuwa. Awakin unguwar suka fara ɓari, wannan ni na fara lura, don na je sayen akuya mai ciki na tarar da ita ba cikin. Yara suna ta susa, suna ciwon ciki. Rifkatu ta bi kwarin nan da ƙafa, ta tarar da masu aikin fadama suna ɗauraye tankunan feshinsu a ciki, ruwan ya yi fari kamar an dama fura.

Wata Lahadi na je duba wata akuya, na same su bayan sujada, wato ibadarsu ta Lahadi, a inuwar darbejiyar coci. Rifkatu tana riƙe da kwalbar ruwan tafki, Malam Ayuba mai bishararsu yana tsaye a gabanta. Mutumin kirki ne, siriri, keke ɗaya yake hawa tun ina saurayi.

"Rifkatu, ruwan da aka yi ta addu'a a kansa tun kafin a haife ki, shi za ki kai gwaji?" in ji shi. "A cikinsa aka tsoma ki. Wannan ai gwada Ubangiji ne, kuma kin san ba a gwada Ubangiji."

Ta ce, "Baba Malam, ba Ubangiji zan gwada ba. Alhaji zan gwada."

Ni da ba a tambaye ni ba na ce ai ko ni na sha ruwan nan ɗazu, ga ni garau. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai bawana, ko guba ma tana da zaɓi."

Ta kai kwalbar Kano, wurin wata ƙawarta mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Da ta dawo aka taru a ƙofar ɗakin Kawu, ta yi bayani: maganin ƙwari ne a ruwan, kuma yana ƙara kauri ne kullum da tafkin yake janyewa. Mutane suka tsaya suna kallonta, don ta faɗi sunayen da ko aljani ba zai amsa su ba. Na ja ta gefe na ce ta bar mini wannan, sana'ata ce. Zan ce musu a Kano an ɗiga wa raƙumi digo ɗaya a harshe ya faɗi ko shurawa bai yi ba. Ta ce in na kuskura sai ta sayar da ni. Ta ce gobe akuya za ta sha ruwan ta tafi tana tuƙa, shi ke nan an daina yarda da ita har abada. Abin da ta sani kawai za ta faɗa: babba ba zai faɗi yau ba, amma yana taruwa a jiki, kuma yara da masu ciki su za su fara biya. Ni dai ban taɓa ganin an sayar da kaya da irin wannan tallan ba.

Duk wannan Kawu yana kan tabarmarsa, ƙafafunsa a kumbure, yana jin mu. Can ya ɗago.

"To gwada mini," ya ce.

Malam Ayuba ya ɗan zabura da jin kalmar ta sake dawowa, amma Kawu Hausar tsofaffi yake yi, a bakinsa gwada mini nuna mini ne. Shi bai san Kano ba, bai san ƙawar ba, a nuna masa da ido. Wa za a aika? Bawa. Na hau babur na je wajen masunta a bakin kogi ta Ajingi, na taho da 'yan ƙananan karfasa a bokiti, rabin ruwan a wandona. Rifkatu ta ajiye robobi biyu a gaban Kawu, ɗaya ruwan tafki, ɗaya ruwan burtsatse na Balan, ta raba kifin. Aka zauna ana kallon kifi kamar ana kallon dambe. Kafin la'asar na robar tafki sun fara juyawa, suna nuna farin ciki, ba irin wanda ake yi ran biki ba, farin cikinsu na gaske. Na ɗaya robar suna ta harkarsu.

Malam Ayuba ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya ce shi ya yi addu'a a kan ruwan nan ba adadi, amma bai taɓa roƙon a makantar da shi ba. Wanda ya ba da ruwan shi ya ba da idon ganin mataccen kifi. Ya ce ba zai sa tsoho a ciki ba. Sai dai Ista ta matso, an riga an aika wa fasto a gari, yaya za a yi?

Nan ne ubanku ya haskaka. Na ce ku bar wa ɗan Ladi. A haƙa rami a bayan coci, a shimfiɗa babbar leda irin ta shanyar barkono, ni zan kawo ruwa daga burtsatsen Gaya. Na yi wa wani mai akori-kura daɗin baki har ya manta bai karya ba, muka loda jarkoki, muka shiga Gidan Nomau ana gobe biki, yara suna bin mu da gudu. Na tsaya a bayan mota kamar ɗan takara. A raina na ce yau na sasanta kimiyya da addini, abin da ya gagari masu digiri. Muka cika ramin, ruwa garai-garai har kana ganin tambarin ledar a ƙasa. Aka tallabo Kawu ya gani. Ya dube shi, ya ɗebo da hannu ya shinshina.

"Ruwa mai kyau," ya ce. "Na wane ne?"

Na ce, "Naka ne, Kawu. Tun daga Gaya."

"Jikokina fa, jibi me za su sha?"

Ya share hannunsa a riga.

"Wato za ku wanke tsoho da ruwa mai kyau na rana ɗaya saboda Allah yana kallo, in ya juya baya a koma tafki. Malam, kai ka ce mini ba ya juya baya. Ni a ruwan da yaran nan suke sha za a tsoma ni. In bai isa a tsoma ni ba, bai isa su sha ba. Zan jira."

Malam Ayuba ya yi ta bayani cewa ba ruwan ne abin dubawa ba, zuciya ce. Kawu ya ce to zuciyar ce ta ce a jira. Washegari fasto ya zo ya tsoma samari da 'yan mata a ruwan jarkokina, Kawu yana kan kujera ya sa sabuwar rigar da aka ɗinka masa don ranar, yana kallo, a bushe.

Ban taɓa ganin Rifkatu ta tsorata ba sai lokacin. Kumburin ya hau har gwiwa, numfashinsa yana ƙara gajarta. Shekara da shekaru tana roƙon ranar nan, ga ta ta zo, kuma kwalbarta ce ta kore ta. Ta same ni a kara ranar kasuwa, cikin kukan awaki, ba ta ko tsokane ni ba. Ta ce imaninta ne ya gaya mata ruwa amana ne, karatunta ya nuna mata inda aka ci amanar, amma ba ɗayansu da Alhaji zai ba wa kujera. Ni yake ba wa. Ta ce in bai daina ba, tafkin ba zai warke ba ko an yi damina, kuma babanta zai mutu yana jira.

Na kawo maganar gida. Innarku tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, da wane bakin za ka je? Da wanda muke ci da shi?"

Na ce ai baki ɗaya gare ni.

"Shi na gani. Kawunka ne, ban hana ka ba. Amma in ka dawo kada ka ce mini ka ci nasara, ka faɗa mini me za mu dafa."

Na yi kwanaki ina zagaya zancen kamar kare da bushiya. Ba don coci na je ba, ku rubuta wannan a ranku. Na je ne don wan uwata, da kuma yaran ƙetaren hanya da suke alwala da ruwan nan. Na sami Alhaji da hantsi a fadama, a ƙarƙashin rumfa, barkono ja wur har iyakar gani. Mutum ne mai fara'a, ya gina masallaci, ya biya wa mutane asibiti, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Ya sa aka kawo mini shayi. Na fara da raguna, na bi ta tsadar dusa, na sauka a tafki. Ya saurara. Ya ce shi bai sani ba, kuma ko ya sani, tanki dole a wanke shi, ruwa kuwa gangara yake bi, ba shi ya halicci gangara ba. Ya ce mutum nawa ne suke ci a fadamar nan, har da 'yan Gidan Nomau ɗin masu tsinkar barkono. Duk gaskiya ya faɗa, abin da ya fi gajiyar da ni ke nan.

Da na ga lallami ya ƙare sai na kwance raƙumina. Na ce Alhaji, yarinyar nan ba ta da kunya, ni na san ta. Ta ce ran kasuwar Gaya za ta kafa robobinta biyu a tsakiyar 'yan barkono, ta sa kifi, ta ce wa kowa ga ruwan da ke fitowa daga gonar wane. Na ce 'yan rediyo ma sun ji ƙamshi. Rifkatu ba ta taɓa faɗin ko ɗaya cikin waɗannan ba, amma fuskata ta dillali ce, ko ni na kusa yarda. Alhaji ya ajiye kofinsa.

"Me kake so, Haladu?"

Na ce, "A daina wankewa a kwarin nan."

"A wanke a ina?"

"Ko'ina, Alhaji. Ko'ina ban da nan."

Ya kira shugaban ma'aikatansa ya ba da umarni a gabana. Sannan ya raka ni har wajen babur, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ya gode da shawara, ragunan bana kuma ya riga ya yi magana da wani. Haka aka yi. Ba faɗa, ba zagi. Har yau in mun haɗu a jana'iza yana tambayata iyali. Sauran manyan da ke bin bayansa su ma suka gano wasu dillalan, na koma awakin zawarawa da tumakin da ko ni ba zan iya cewa gaisuwa suke yi ba. Shekarar ce aka cire yayarku Sadiya daga makarantar kuɗi, ita ta san wannan, ku ƙanana ba ku sani ba.

Sai jira. Matan unguwar suka koma ɗebo ruwa a Balan, tafiyar da ke cinye safiya ɗungum, wasu ranakun kuma in sun gaji su saci hanya su koma tafki, kowa ya yi kamar bai gani ba. Kawu yana kwance, yau a ce ya tafi, gobe a same shi yana neman goro. Ina jin taurin kai ne kawai ya riƙe shi, har mala'ikan mutuwa ma ya ce wa zai yi shawara. Damina ta sauka, tafkin ya cika ya tumbatsa ya yi ta amai a gonaki. Wata rana Rifkatu ta kira ni a waya, ta ɗaga wayar sama, na ji kwaɗi kamar kasuwa ta ci. Da kaka ta sake kai kwalba Kano, ta sake aiken bawa kogi. Kifin suka kwana suka wuni a robar tafki suna wasa. Kawu ya dube su ya ce ya gani, a soya masa su.

Ranar baftismar ni na goya shi daga ɗaki zuwa bakin ruwa, don ba ya iya takawa, kuma duk samarin cocin ya ce ba su iya goyo ba. Bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Na miƙa shi ga fasto da Malam Ayuba, na koma can gindin tsamiya na tsaya, ni ba a ciki ba, ni ba a gida ba. Wannan tsayuwar ce aka gani aka kai kara. Suka shiga da shi har ƙugu, mata suna waƙa, aka tsoma shi aka ɗago. Ya fito yana tari yana dariya da dasashi. Rifkatu ta lulluɓe shi da zane, aka zaunar da shi a rana, na matso.

Kun san ubanku. Na ce, "Kawu, ka dai ga aikin bakin ɗan Ladi. Malamai sun yi addu'a, masu kwalba sun yi gwaji, amma da ban je fadama ba da yanzu kana nan a bushe."

Ya gyaɗa kai, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Yanzu a ina suke wankewa?"

Na sani. Na daɗe da sani, don ina zuwa sayen awaki a wajen. Ɗaya kwarin ne, wanda ya bi ta bayan fadama ya sauka wata ruga a hanyar Kademi, inda ba su da coci, ba su da malamar kimiyya, ba su da ɗan'uwa dillali. Na faɗa musu, na ƙara da cewa ai can ɗin da nisa, kuma ruwansu ya fi gudu. Kawu ya juya yana kallon tafkinsa. Rifkatu tana matse gefen zanen, ta dube ni, kuma tunda muke ban taɓa jin ta kira ni da sunana ba sai ranar.

"Haladu," ta ce, "ashe dillanci ka je yi. Ba ka kawar da gubar ba, sabon mai saye ka samo mata."